Abin Zaƙi na Kirsimeti Ba Tare da Fulawa Ba

'Yan'uwa, kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma a kowane gida an soma lissafin bikin Kirsimeti. Bayan ɗinkin yara da shinkafa da nama, abin da ke cin kuɗin uwargida shi ne fulawa: ta cincin, ta fanke, da ta kek idan hali ya yi. Darasinmu na wannan karo a kan wani abin zaƙi ne da ake gasawa ba tare da ko cokali ɗaya na fulawa ba.

Dalilinmu na farko aljihu ne. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita, domin wadda ake nomawa da rani a wurare kamar Kadawa ta jihar Kano da kwarin Haɗeja ba ta ishe mu ba. Manya za su tuna lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, har aka ɗage hanin a 1992. Matasa kuma sun ga yadda kuɗin fulawa ya tashi bayan yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da faɗuwar naira a 2023. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Akwai mutane, yara da manya, waɗanda alkama ke yi wa hanji lahani, kuma ranar biki su ne ake bari a gefe suna kallon 'yan'uwansu suna ci.

Mene ne fai?

Duk wanda ya taɓa sayen mit-fai a tasha ko a gidan burodi ya san rabin abin. Fai kashi biyu ne: ɓawo na waje, da abin da aka zuba a ciki. Ɓawon kamar kwano ne da ake cinyewa tare da abincin. Namu na tasha nama da dankalin turawa ake sa masa, amma a Amurka da Ingila akwai na zaƙi, wanda ake kawowa bayan an gama cin abinci a ranakun biki. Mutanen Amurka suna bikin godiyarsu a ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kuma fai na kabewa ne sarkin teburin ranar. Baƙaƙen fata na kudancin ƙasar sun fi yin nasu da dankali, irin wanda muke kira dankalin Hausa. A Ingila kuwa ƙanana ake yi lokacin Kirsimeti, a cika su da busassun 'ya'yan itace da kayan ƙamshi.

A waɗannan ƙasashe, wanda ba ya iya cin alkama yakan je kanti ya sayi haɗaɗɗen gari na musamman, da tsada. Idan aka karanta jikin ledar, yawanci abin da ke ciki shi ne garin shinkafa, da sitacin rogo, da sitacin dankalin turawa. Biyu daga cikin ukun nan suna gonakinmu, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya. Kabewa da dankali kuma a watan Disamba sai an ture.

Abin da ke sa fulawa danƙo

Kafin mu kai ga kwaɓi, yana da kyau mu gane abin da muke cirewa. Ga wani ɗan gwaji da za a iya yi a taron zumuntar mata. A kwaɓa cokali huɗu na fulawa da ruwa kaɗan, a murza sosai, a bar shi kamar minti 20. Sai a riƙa wanke curin a cikin kwanon ruwa ana matsawa a hankali, ana sake ruwan, har ruwan ya daina yin fari. Abin da zai rage a hannu wani ɗan curi ne mai talewa kamar cingam. Sunansa gulutin. Wani irin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani danginsu da ake nomawa a Turai. Shi ne ke riƙe iska a cikin burodi har ya tashi, shi ne ke sa a murza kwaɓin cincin ya yi faɗi bai yage ba. A gwada haka da garin dawa ko na shinkafa, za a ga komai ya narke ya bi ruwa.

Dawa, gero, maiwa, masara, shinkafa, acca, iburu, tamba, rogo, doya, dankali, wake da gyaɗa duk ba su da gulutin. Wato tuwon da iyayenmu suka rene mu da shi ba shi da wannan matsala tun asali.

Cutar da ake kira siliyak

Ga yawancin mutane gulutin abinci ne kawai, ba ya yin komai. Amma kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya yana da cutar da likitoci ke kira siliyak. A cikin ƙaramin hanji akwai 'yan tsirai masu yawa kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. Mai wannan cuta idan ya ci gulutin, sai garkuwar jikinsa ta juya ta afka wa hanjinsa, tsiran nan su shafe. Daga nan zai ci abinci amma jiki ba ya samu. A yara akan ga zawo da ba ya ƙarewa, kumburin ciki, ramewa, da rashin girma. A manya akan ga ƙarancin jini, gajiya, da ciwon ciki, wasu ma ba sa zawo ko kaɗan.

Wani likitan yara a ƙasar Holan mai suna Willem Dicke ne ya tabbatar cewa alkama ce mai laifin. A yunwar da ta kama ƙasarsu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace, sai yara masu wannan ciwo suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Ya rubuta sakamakon bincikensa a 1950.

Kada mu ce ai cutar Turawa ce. A 1999 wasu likitoci 'yan Italiya sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa yara kusan dubu na 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke zaune a sansanoni a ƙasar Aljeriya. Sun samu fiye da yara 5 cikin kowane 100 suna da alamar cutar a jininsu, wanda ya ninka na Turai sau da yawa. Babban abincin mutanen sansanin burodi ne na fulawar taimako. Duk mai hannu a rabon kayan agaji ya kamata ya riƙe wannan. Mu ma yanzu yaranmu suna cin burodi da taliya da indomi da biskit fiye da yadda iyayensu suka ci.

Sai dai a yi hankali. Alamun nan su ne kuma alamun tsutsar ciki, da tamowa, da shan ruwa marar tsabta, kuma waɗannan sun fi yawa a ƙauyukanmu nesa ba kusa ba. Kada uwa ta yanke wa ɗanta hukunci a gida. A kai shi asibiti, a gaya wa likita abin da aka lura da shi bayan cin burodi ko taliya. Gwajin jini ake fara yi, yawanci a manyan asibitoci, kuma kada a daina ba yaron alkama kafin gwajin, domin idan an daina gwajin zai iya nuna babu komai alhali akwai. Idan an tabbatar, maganin shi ne barin alkama da sha'ir har iyakar rai.

Wanda ba shi da cutar kuwa, barin alkama ba zai ƙara masa lafiya ba. Mai ciwon sukari kuma kada ya ɗauka wannan fai nasa ne don babu fulawa: garin shinkafa da sukari da mai ne, ɗan yanki kaɗan ya ishe shi.

Kayan haɗi

Ma'auninmu ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ne, a cika shi a shafe bakinsa, kada a danna. Wannan awo zai rufe farantin da faɗinsa ya kai kamar taƙi ɗaya, wato wajen santimita 23.

Garin shinkafa, gwangwani 1 da rabi
Sitacin rogo, rabin gwangwani
Bota mai sanyi, babban cokali 7
Ƙwai 1
Sukari, babban cokali 1
Gishiri, ɗan kaɗan da yatsu uku
Ruwan sanyi, babban cokali 1 zuwa 2

Shinkafar tuwo ake so, wadda ba a turara ba. A wanke ta, a jiƙa na wasu awoyi, a tsane, a shanya ta sha iska, sannan a daka ko a niƙa. A tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu. A nan ne mata da yawa ke gaggawa, kuma a nan ne abin ke lalacewa, domin tsakin da ya wuce rariya ba zai yi laushi a wuta ba, mai ci zai ji kamar yashi a haƙori. Wadda take da acca ko farar dawa za ta iya rage rabin gwangwani na shinkafar ta sa garinsu a madadinsa. A ganinmu na acca ya fi ƙamshi. Garin gero yana saurin yin ɗaci idan ya kwana biyu, sai dai a niƙa shi a ranar.

Sitacin shi ne ke sa ɓawon ya yi laushi ya kama jikinsa. Na ci muke nufi, ba na guga da ake sayarwa a leda ba. Ana yin sa a gida: a fere rogo, a wanke, a goga, a dama cikin ruwa mai yawa, a tace da ƙyalle mai tsabta. A bar ruwan ya kwanta, a tsiyaye na sama, a sake zuba sabo a dama, ya sake kwanciya, a yi haka sau biyu ko uku. Farin da ya kwanta a ƙasa shi za a shanya a rana har ya bushe ƙarau, a murje, a tankaɗe. Wankin nan da shanyar ba ado ba ne, rogo yana da guba, musamman mai ɗaci, kuma su ne ke fitar da ita. Idan babu rogo, busasshiyar gasarar masara za ta yi aikin, ko da yake tana da ɗan tsami. Garin kwaki ba zai yi ba, an riga an soya shi.

Tun da babu gulutin, dole a samu abin da zai ɗaure garin. Mun san wannan dabara a ɗanwake, inda kuka ke riƙe garin wake da na rogo. A Amurka wani farin gari mai yauƙi suke saye su zuba ɗan kaɗan. Kuka za ta ɗaure, amma za ta kawo launi da ƙamshin miya cikin abin zaƙi. Ƙwai ɗaya ya wadatar, kuma yana gida.

Batun mai kuma: bota ta kanti ta fi sauƙin aiki. Man shanu soyayye da ya daskare yana yi, a sa cokali 6, a ƙara ruwa kaɗan. Man gyaɗa ma yana yi, cokali 5, amma ɓawon zai fi saurin marmashewa. Botar tana bukatar sanyi, don haka a sa ta cikin gwangwani mai murfi a jingina a gindin randa ta kwana, a yi kwaɓin da sassafe kafin rana ta yi zafi. Hunturu yana taimakonmu a nan.

Yadda ake kwaɓi

A haɗa garin shinkafa da sitaci da sukari da gishiri a kwano, a juya. A zuba botar gutsi-gutsi, a riƙa murje ta cikin garin da kan yatsu, ba da tafin hannu ba, har ya yi kama da dambu, da sauran 'yan ƙulalai kamar ƙwayar wake. Kada a murje su duka. Waɗannan ƙulalai ne za su narke a wuta su bar 'yan ramuka, ɓawon ya yi garas-garas.

A kaɗa ƙwan a zuba, a juya da cokali mai yatsu. Sai ruwa, cokali ɗaya tukuna. A ɗebi kaɗan a dunƙule a hannu: idan ya tsaya ya isa, idan ya watse a ƙara ruwa kaɗan. Wadda ta saba da cincin hannunta zai so ya yi ta murzawa yana jiran danƙo. Danƙon ba zai zo ba, ko an kwana ana murzawa, sai dai botar ta narke a banza. A tattara shi curi ɗaya kawai, a rufe da leda ko ƙyalle mai ɗan laima, a ajiye a wuri mai sanyi na minti 30. Wannan hutu yana da amfani ƙwarai, domin garin shinkafa a hankali yake shan ruwa. A rufe da kyau, iskar hunturu tana busar da shi nan da nan.

A samu farantin ƙarfe mai ɗan zurfi, na silba ko na tasa, a shafa masa mai. Ba a sa na roba. Kwaɓin fulawa akan murza shi da kwalba a ɗaga a shimfiɗa, amma wannan idan aka ɗaga shi zai kakkarye. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa gutsura ana dannawa cikin farantin da yatsu, a fara da gefe, sannan tsakiya, har ko'ina ya rufu, kaurinsa kamar na biskit. A bi da gindin kofi a daidaita. Inda ya tsage a liƙe da wani ɗan gutsure, ba abin damuwa ba ne, kuma wannan kwaɓi ba ya tauri don an taɓa shi da yawa kamar yadda na fulawa ke yi. A tsattsaga ƙasan da cokali mai yatsu don kada ya kumbura.

Gashi

Mai tanda ta zamani ta sa ta a 190 a ma'aunin Selsiyos. Sauranmu kuwa babbar tukunya ce tandarmu. A zuba yashi mai tsabta a ƙasanta kamar kaurin yatsu biyu, a jera duwatsu uku ko gwangwanaye uku a kai, a rufe, a ɗora a wuta na minti 15 ta yi zafi. Garwashi ya fi itace mai harshen wuta. Don a gwada zafin, a barbaɗa ɗan gari a murfin gwangwani a sa ciki: idan ya yi ruwan ƙasa cikin 'yan mintoci zafin ya yi, idan ya yi baƙi nan take a janye wuta.

A ɗora farantin a kan duwatsun, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfin domin sama ma ta samu zafi. A gasa ɓawon shi kaɗai na minti 12 zuwa 15 kafin a zuba masa komai, in ba haka ba ruwan kabewa zai jiƙa shi ya zama kamar tuwo. Garin shinkafa ba ya yin ja kamar fulawa, don haka kada a tsaya jiran launi har ya ƙone. Idan gefen ya fara canja launi kuma tsakiyar ta bushe, ya yi.

Abin zubawa ba shi da wuya. A turara kabewa mai jan ciki ko dankali, a murje, a tsane ruwan sosai a ƙyalle idan kabewa ce. A auna gwangwani 2, a haɗa da ƙwai 2, da madarar ruwa gwangwani 1, da sukari rabin gwangwani, da ɗan garin citta da kirfa da kanumfari kaɗan. Dankali yana da nasa zaƙin, a rage masa sukari. A zuba cikin ɓawon, a mayar tukunya da wuta marar ƙarfi na minti 35 zuwa 45, har a soka wuƙa kusa da tsakiya ta fito ba ruwa. A bari ya huce sarai kafin a yanka. Da zafinsa ɓawon ba shi da ƙarfi.

Idan don mai ciwon ake yi

Gidan da don sauƙin kuɗi suke yi, sun gama. Amma idan akwai wanda aka tabbatar yana da siliyak, sauran aiki yana nan, domin ɗan ɓurɓushin fulawa ya isa ya tayar masa da ciwo. Ƙa'idar da hukumar abinci ta duniya ta amince da ita a 2008 ta ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 na gulutin a cikin kilo ɗaya. Wannan ƙanƙanin abu ne da ido ba zai gani ba.

Babban wurin haɗari shi ne injin niƙa, inda ake niƙa alkamar tuwo da ta kunu, a bi da shinkafar wani a baya. A daka a turmin gida da aka wanke, ko a roƙi mai inji ya wanke injinsa kafin ya zuba. Rariyar da aka tankaɗe fulawa da ita tana riƙe gari a ramukanta, a ware wata daban. A yi kwaɓin fai da farko, kafin a buɗe ledar fulawar cincin, domin garin yana tashi ya sauka ko'ina. Man da aka soya cincin ko fanke a ciki kada a soya masa ƙosai ko nama da shi.

A kuma lura da sauran abincin bikin. Semo daga alkama yake, haka alkaki da gurasa da finkaso da dubulan. Ɗanwake da waina na sayarwa, wasu masu yi suna ƙara musu fulawa, sai a tambaya. Lemon malt da ake raba wa baƙi yawanci da sha'ir a ciki. Wasu dunƙulen miya ma suna da alkama, a karanta jikin kwalin ko a koma ga daddawa. Akwai kuma gurasar Jibin Ubangiji. Mai wannan ciwo ko iyayensa su yi magana da fasto da dattawa tun da wuri, a shirya masa nasa daban a faranti daban.

Fai mai ƙwai da madara ba ya jure zafi. Inda babu firiji, a gasa shi ranar da za a ci, a kawo shi da zarar ya huce, kada a bar shi ya wuni a ɗaki ko ya kwana. Ɓawon da aka gasa ba a zuba masa komai ba kuwa yana iya yin kwana biyu a cikin kwano mai murfi, don haka za a iya gasa shi ranar 23 ko 24 ga wata a rage aikin safiyar biki. Muna ba da shawara kowace zumunta ta haɗu ta gwada sau ɗaya kafin lokacin, kowa ta kawo abin da take da shi, domin zafin tukunyar yashi sai an gwada ake sanin hannunsa. Ragowar kwaɓi kuma a fakaɗa shi a yanka ƙanana, a barbaɗa sukari, a gasa wa yara biskit.